CHGCAR na cewa 36, cube na cewa 0.16: wane fayil ke da gaskiya?

Ramatu: Assalamu alaikum. Malamai da yayyena, ina wuninku. Ina neman taimako a kan aikin memwar ɗina na mastar. Ina aiki a kan kiristal ɗin ZnO mai tsarin wurtzite. Sel ɗinsa, wato ƙaramin akwatin da ke maimaita kansa a kiristal, mai atam huɗu ne, zinc biyu oksijin biyu. Na yi lissafina da manhajar Quantum ESPRESSO a kwamfutata, na fitar da cunkoson elektron da pp.x, shirinta na fitar da sakamako, zuwa fayil mai tsarin cube. Wani abokin aikin malamina da ke da lasisin VASP, wata manhajar irin wannan lissafi, ya yi lissafin wannan sel ɗin ya turo mana CHGCAR, fayil ɗin da VASP ke rubuta cunkoson elektron a ciki. Malam yana son in sa hotunan biyu gefe da gefe. To da na buɗe fayilolin, lambobin ba su ko yi kama ba. A cube ina ganin irin 0.05, 0.3. A CHGCAR ina ganin 16, 90, har da ɗaruruwa. Na duba kan fayilolin duka biyu, babu inda aka rubuta ma'auni. Waye ya ɓata lissafi, ni ko shi?

Iro Ɗan Tibiri: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki ƙanwata, ba wanda ya ɓata. Kowa da ya taɓa wanga aiki sai da ya sha wannan ruwa. Raba lambar CHGCAR da ta cube a wuri ɗaya ki gaya mana mi kika samu. Na yi rantsuwa ɗari uku da wani abu ne.

Ramatu: Yaya Iro, a tsakanin atam na samu kusan 320. Duba kake yi?

Iro Ɗan Tibiri: Duba ina? Girman sel ɗinki ne a bohr³. Bari Malam ya zo ya yi bayani, ni ina kan babur.

Malam Lawali: Wa alaikumus salam Ramatu. Iro ya faɗi gaskiya, amma bari in shimfiɗa miki shi.

Abin da pp.x ke rubutawa idan kin sa plot_num=0 shi ne cunkoson kansa: elektron nawa ne a cikin kowane bohr³. Bohr ɗaya angstrom 0.529177 ne, don haka bohr³ ɗaya Å³ 0.148185 ne. Idan kina son komawa elektron a kowane Å³ sai ki ninka da 6.7483. Wannan lambar ki rubuta ta a bangon littafinki, za ki daɗe kina bukatarta.

VASP kuwa wani abu daban yake rubutawa. Manhajojin biyu suna raba sel zuwa raga ta ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da lambarsa. A CHGCAR, lambar da ke kowane ɗigo ita ce cunkoson wurin an ninka shi da girman sel gaba ɗaya. Ke nan ba elektron a bohr³ ba ce, ba kuma a Å³ ba. Ma'anarta ita ce: da a ce sel ɗin duka ya cika da irin cunkoson da ke wannan ɗigo, elektron nawa zai ɗauka. Shi ya sa in kika tara lambobin duka kika raba da adadin ɗigon, abin da zai fito shi ne adadin elektron na sel, wanda VASP ke kira NELECT.

Sel ɗinki: gefen a kusan 3.25 Å, gefen c kusan 5.21 Å, girmansa Å³ 47.6, wato bohr³ 321 da ɗan abu. Ga 320 ɗinki nan. Raba CHGCAR da 47.6 ki samu elektron a Å³, ko ki raba da 321.4 ki samu a bohr³ kamar na cube.

Amma kada ki yarda da ni. Ƙirga elektron ɗin da kanki a fayilolin biyu. Ni duk ɗalibin da ya kawo mini hoton cunkoso, tambayar farko da nake masa ita ce elektron nawa ne a cikin fayil ɗin. In bai sani ba, ba na kallon hoton.

Mushe Salisu: Malam, a yi haƙuri da mu malaman lise, mun bar wannan fage da daɗewa. Me ya hana su rubuta ma'aunin a kan fayil ɗin kawai? Mu a aji in yaro ya rubuta amsa ba ma'auni, rabin maki muke cire masa.

Malam Lawali: Mushe, ai mu ma nan Maradi haka muke. Baƙo ya taso daga Katsina ya shiga babbar kasuwa, aka ce masa abu kaza "ɗari" ne, zai miƙa sefa 100, alhali mai kaya dala ɗari yake nufi, sefa 500. Mai kaya bai yi ƙarya ba, kowa a kasuwar ya san da dala ake ƙirga. Waɗannan fayiloli an tsara su ne don manhajar ta karanta abinta, ko don mutanen gida da suka san al'ada. Ba a yi tunanin wata ɗaliba za ta buɗe su da hannu ba.

Ramatu: Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Na gwada. CHGCAR na buɗe shi a Excel amma ya ƙi tarawa, sifili yake ba ni.

Mamman Sani: Excel ɗinki na Faransanci ne ko? Yana jiran waƙafi a wurin ɗigo, 0,16 maimakon 0.16, don haka lambobin duka rubutu ya ɗauke su. Ki bar Excel ma gaba ɗaya, fayil mai lambobi kusan dubu ɗari biyu ba aikinsa ba ne. Yi da Python.

Ga yadda CHGCAR yake daga sama: layin suna, lambar ninki, layuka uku na vektocin sel a angstrom, sunayen atam da adadinsu, kalmar Direct, matsayin atam huɗun, sai layi fanko. Bayansa akwai layi mai lambobi uku, su ne girman ragar. Daga nan lambobi ke zubowa biyar-biyar a layi. Ki ɗauki daidai adadin da ninkin lambobi ukun nan ya ba ki, ki tsaya. Ƙasa da su za ki ga an rubuta "augmentation occupancies", waɗannan ba na raga ba ne, in kika haɗa da su lissafi ya lalace. In kuma an yi lissafin da spin, akwai wani tarin lambobi na biyu a ƙasa, shi kuma bambancin spin sama da spin ƙasa ne.

Ramatu: Ragar 48 48 80 ce, ɗigo 184320. Na tara na raba, ya ba ni 36.000. Alhamdu lillahi! Elektron na waje ne: zinc 12 sau biyu, oksijin 6 sau biyu.

Sai dai cube ya ba ni 60.04. Ga kan fayil ɗin:

45 0.136480 0.000000 0.000000
45 -0.068240 0.118195 0.000000
72 0.000000 0.000000 0.136664

Na tara lambobin duka na ninka da girman ƙaramin akwati ɗaya.

Mushe Salisu: 60? Ai zinc lambarsa 30 ce a jadawali, biyu 60 ke nan. Ko dai manhajar ta ƙirga na zinc duka ta manta da oksijin?

Iro Ɗan Tibiri: Mushe, wallahi lissahinka ya yi kyau har na kusa yarda 😂 Amma da duka elektron ɗin aka ƙirga 76 za a gani, 30 da 8 sau biyu. Ba yadda za a yi a tsallake oksijin.

Dakta Hadiza: Ramatu, yaya kika samo girman ƙaramin akwatin? Duba layi na biyu da kika turo. Vektan ba a kan y kaɗai yake ba, yana da −0.068 a x. Kusurwar da ke tsakanin a da b digiri 120 ce. In kika ninka tsawo sau tsawo sau tsawo, kin ɗauki sel ɗin kamar bulo, kuma kin ƙara masa girma da kashi 15 da rabi cikin ɗari. Sai kin saka sin 120°, wato 0.866, ko ki ɗauki detaminan na layuka ukun. 60.04 sau 0.866 nawa ne?

Ramatu: 52.0, Dakta. To amma 52 ba 36 ba ce.

Dakta Hadiza: Buɗe fayil ɗin da pw.x, babban shirin lissafi na Quantum ESPRESSO, ya rubuta, nemi layin "number of electrons".

Ramatu: 52.00 ne a can ma.

Dakta Hadiza: To fayil ɗinki lafiya lau yake. Sudopotansiyel shi ne abin da ke tsaya wa ƙwayar atam da elektron na ciki, don a lissafa na waje kawai. Na zinc da kika ɗauka mai elektron 20 ne: bayan 3d guda goma da 4s guda biyu, ya haɗa da 3s da 3p, takwas. Na mutumin VASP mai 12 ne, ya bar takwas ɗin nan a daskare cikin ƙwayar atam. Takwas sau biyu 16, 36 da 16 kuwa 52. Saboda haka ko kin daidaita ma'auni, hotunanki biyu ba za su zo ɗaya ba a kusa da zinc. Matsakaicin VASP zai zama 0.112 a bohr³, naki 0.162. Inda ya kamata su haɗu shi ne a tsakanin atam, wajen haɗin Zn da O, da kuma guraben da babu kowa. Can ne za ki kwatanta.

Kuma ina so ki riƙe wannan: abin da ke cikin da'irar ƙwaya a fayilolin nan biyu ba cunkoson gaskiya ba ne, an lallausa shi da gangan don lissafi ya yi sauƙi. Har lambobi masu alamar ɗebewa kina iya gani a wasu ɗigon. Kada ki rubuta a memwar cewa kin gano wani abu a can.

Iro Ɗan Tibiri: Ni dai har gobe ina ganin VASP ya cuci jama'a da wanga tsari. Ka yi sel guda, lamba a tsakiyar haɗi ta zo 25. Ka ninka sel ɗin 2×2×2, abu ɗaya, haɗi ɗaya, lamba ta koma 200. Mi ya canza a cikin kiristal ɗin? Ba komi. Lambar da ke canzawa don ka zaɓi babban akwati ba lambar kimiyya ba ce. Manhajojin ABINIT da SIESTA duka elektron a bohr³ suke rubutawa, ba wanda ya mutu.

Mamman Sani: A'a Iro, ban yarda ba. Wanda ya taɓa rubuta lissafin Fourier zai ga dalilinsa. Manhajar tana ajiye cunkoso ne a matsayin jimillar igiyoyi, kuma in ka ninka da girman sel, igiyar farko, ta G=0, daidai take da adadin elektron. Ba ruwanka da bohr, ba ruwanka da angstrom. Ka ga yadda Ramatu ta samu 36.000 a bugu ɗaya ba tare da ta san girman sel ba, amma a cube sai da kusurwa ta kayar da ita? Wannan kaɗai ya isa hujja. Kuma CHGCAR an yi shi ne don VASP ya sake karantawa ya ci gaba da lissafi, misali wajen fitar da band da ICHARG=11. Mu ne muka mayar da shi abin zane.

Iro Ɗan Tibiri: To in haka ne mi ya sa LOCPOT, fayil ɗin potansiyel na VASP, bai bi wannan hanya ba? Kan fayil iri ɗaya, raga iri ɗaya, amma shi a eV yake kai tsaye, ba a ninka shi da komi ba. Mutum ya rubuta ɗan shirinsa na karanta CHGCAR mai raba lamba da girman sel, ya ba shi LOCPOT, ya samu shirme kuma ba abin da zai yi masa gargaɗi.

Mamman Sani: Don ba ma'ana a ninka potansiyel da girma. Jimillarsa ba ta ƙirga komai.

Iro Ɗan Tibiri: Ka ga ka dawo kan maganata. Fayil biyu masu riga ɗaya, doka biyu.

Malam Lawali: Ku biyun kowa na da rabonsa na gaskiya, kuma mutanen Viyana masu yin VASP ba za su canza tsarin da suke kai tun shekarun 1990 don Iro ya ji haushi ba. Shi ma Quantum ESPRESSO yana da nasa. Potansiyel ɗin da pp.x ke fitarwa a Rydberg yake, 13.6057 eV, alhali wanda ya saba da manhajar Gaussian in ya ji "ma'aunin atam" Hartree zai ɗauka, 27.2114 eV. Ninki biyu cif. A cunkoso dai an yi sa'a, bohr ɗaya ne ga kowa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne fayil mai tsarin XSF. In ka ce wa pp.x ya rubuta don manhajar zane XCrySDen, tsayin sel da matsayin atam suna fitowa a angstrom, amma lambobin cunkoson suna nan a bohr³ yadda suke. Fayil ɗaya, ma'auni biyu. Da Ramatu ta yi ƙirgarta da girman da ke kan wannan fayil, 7.7 za ta samu a maimakon 52. Ƙari a kan haka ragar XSF tana maimaita ɗigon ƙarshe a kowane gefe, 45 ya zama 46, sai ka cire maimaicin kafin ka tara.

Ramatu: Malam, to ga wani abin mamaki. Na buɗe su biyun a manhajar zane VESTA, kuma a can lambobin CHGCAR ba ɗaruruwa ba ne, sun yi kusa da na cube.

Mamman Sani: VESTA ya yi miki rabon da kansa. In ya karanta CHGCAR yana raba lambobin da girman sel a bohr³, don haka abin da kike gani a akwatin matakin zane, wato ƙimar cunkoson da ake yanka hoton a kanta, elektron a bohr³ ne, duk da cewa tsayin da yake nuna miki a angstrom yake. Mutane da yawa suna ganin angstrom a allo sai su rubuta e/Å³ a ƙasan hoto. Kuskuren ninki 6.75 ke nan, kuma ya shiga takardun da aka buga.

Tunda da Python za ki yi aiki, ga abin da ya kamata ki sani game da ASE da pymatgen, kayan Python masu karanta waɗannan fayiloli. VaspChargeDensity na ASE yana rabawa da girman sel a Å³, ya ba ki elektron a Å³. Chgcar na pymatgen ba ya rabawa, lambobin fayil yake miƙo miki yadda suke. Mai karanta cube na ASE kuma yana mayar da matsayin atam angstrom amma ya bar lambobin ragar a ma'auninsu na asali. VESTA, ASE da pymatgen: manhaja uku, fayil ɗaya, lambobi uku daban, kuma kowace ta yi abin da takardarta ta ce za ta yi.

Nana Aisha: Ni ɓangaren kimiyyar haɗa sinadarai nake, Gaussian da ORCA muke amfani da su. Gaskiya ina ganin kun tsananta. Yawancinmu hoto kawai muke so, a ga inda elektron suka taru da inda suka ragu. Siffar ba ta canzawa ko da wane ma'auni aka rubuta.

Dakta Hadiza: Nana, a nan kam ba mu tare. Siffar da kike gani ba ta cunkoson gaba ɗaya ba ce, ta mataki ɗaya ce da aka yanka. Canza matakin, siffa ta canza. A molekul ɗaya, in kika yanka a 0.001 na ma'aunin atam za ki ga fatar waje, iyakar da Richard Bader da abokan aikinsa suka ɗauka a matsayin girman molekul. In kika yanka a 0.2 sai ki ga ƙashin haɗe-haɗen. In kika hau sama da haka haɗin ya tsinke, atam su zama ƙwallaye a warwatse. Wanda ya yanka a 0.05 yana zaton Å³ ne alhali bohr³ ne, a 0.34 ya yanka. Zai iya nuna miki haɗi ya ɓace a inda yake nan daram.

Kuma VESTA in ba ka ba shi mataki ba, da kansa yake zaɓa daga lambobin fayil ɗin da ka buɗe. Fayil ɗin Ramatu mai elektron 52 zai samu mataki mafi tsawo fiye da mai 36. Ta ajiye su gefe da gefe, mai karatu ya ce VASP ya nuna haɗi mai ƙarfi, ɗayan ya nuna atam a rarrabe. Ba abin da ya bambanta sai wurin yanka. Na zauna a kwamitin kare memwar inda ɗalibi ya gina babi guda a kan irin wannan bambanci. Da aka tambaye shi matakin hotunan, bai ma san akwai shi ba.

Nana Aisha: Na karɓa Dakta, a kan kwatanta hoto biyu. Amma a cube na orbital da muke zanawa a 0.02, wannan fa?

Dakta Hadiza: Wannan ma ba cunkoso ba ne. Ƙimar orbital ce kanta, mai alamar ƙari da ɗebewa, ma'auninta bohr a ƙarfin −3/2. Sai kin ninka ta da kanta take zama cunkoso. A cube na Gaussian za ki gane shi: adadin atam a layi na uku yana zuwa da alamar ɗebewa, kuma akwai ƙarin layi bayan jerin atam. Akwai kuma al'adar cewa in adadin ɗigon raga ne ya zo da alamar ɗebewa, tsayin a angstrom yake. Ba kowace manhaja ke girmama wannan ba, don haka ni ba na dogara da ita.

Mushe Salisu: Wata tambaya ta ɗan ƙauye. Elektron ai cajinsa na ɗebewa ne. Me ya sa fayil mai suna cunkoson caji lambobinsa na ƙari ne? Sannan a littafin da muke koyarwa ana cewa silikon yana da elektron wajen 10¹⁰ a kowane cm³. Wannan da naku abu ɗaya ne?

Malam Lawali: Tambayoyi ne masu kyau Mushe. Ta farko: sunan ne kawai caji, amma adadin elektron ake ƙirgawa. Don haka a hoton bambanci, inda lamba ta zo da ƙari elektron sun taru ne, wato wurin ya ƙara zama na caji ɗebewa. A rubuta wannan a ƙasan hoto, don launin ja da shuɗi kowa da yadda yake juya su.

Ta biyu: ba ɗaya ba ne ko kusa. Ɗauki silikon, sel mai gefe 5.431 Å, girma Å³ 160.2, atam takwas, elektron na waje 32. Matsakaici 0.2 a Å³ ke nan. Å³ ɗaya 10⁻²⁴ cm³ ne, saboda haka 2×10²³ a cm³. Waɗannan su ne ke riƙe da kiristal ɗin. 10¹⁰ ɗin littafinku su ne ƴan ƙalilan da zafin ɗaki ya kuɓutar har suke ɗaukar kuran. Tsakaninsu ninki 10¹³ ne. Ba za ka taɓa hango su a hoton CHGCAR ba.

Af, silikon ɗin nan shi ne gwajin da nake ba sababbin ɗalibai kafin su taɓa kayan memwar. Minti kaɗan yake ɗauka ko a tsohuwar kwamfuta, ana gamawa kafin a ɗauke kuran. Matsakaici 0.2 a Å³, ko 0.0296 a bohr³, a tsakiyar haɗi kuma wajen 0.6 a Å³. In shirinka bai ba ka waɗannan ba, gyara shi tukuna.

Mamman Sani: Malam, da izininka zan ɗan ja da maganar ƙirga elektron. Tana kama kuskuren ma'auni, amma akwai wanda ba ta gani. A CHGCAR x ne ke gudu da sauri, z ya zo ƙarshe. A cube akasin haka ne, z ke gudu da sauri. In mutum ya jera lambobin a baibai, jimilla tana nan 36 ko 52 ba ta motsa ba, amma cunkoson ya bar kan atam ya watse. A sel mai gefe daidai wani lokaci ma hoton sai ya yi kyau a ido.

Malam Lawali: Gaskiyarka. Sai a ƙara gwaji na biyu: nemi ɗigon da ya fi kowane girma, ka ga ko yana zagaye da atam ɗin da ya dace. A ZnO kusa da zinc ko oksijin zai kasance, ba a fili ba. Amma ƙirga ita ce ta farko, ban janye ba.

Ramatu: To malamai, a memwar wanne zan sa, e/Å³ ko e/bohr³?

Dakta Hadiza: e/Å³. Tsayin sel ɗinki a angstrom kika ba da shi, tsayin haɗin Zn–O ma haka. Masu auna cunkoso da hasken X duka da e/Å³ suke bugawa, kuma da su za ki kwatanta in kina son aikinki ya taɓa gwaji. Haɗin C–C guda da ake cewa 0.25 a ma'aunin atam, su 1.7 suke rubutawa. In kin kai ga Laplasiyan, wato ma'aunin lanƙwasar cunkoso, lambar canji daban ce, 24.1, don shi a Å⁵ yake. Nan ma ana yawan faɗawa, a ninka da 6.75 a wuce.

Iro Ɗan Tibiri: Ni ko bohr³ nika cewa. Shi ne abin da manhajarta ta fitar, shi ne VESTA ke nunawa, shi ne lambobin da ake hardacewa, 0.001, 0.002. Duk canjin da ka ƙara ƙofa ce ta kuskure. Masu gwajin hasken X nawa ne za su karanta memwar ɗin Ramatu?

Dakta Hadiza: Ni zan karanta, Iro, kuma wataƙila ina cikin masu yi mata tambaya.

Iro Ɗan Tibiri: Ranki ya daɗe, na yi shiru 🙌 Amma ban canza ra'ayi ba.

Malam Lawali: Ramatu, tambayi malaminki, memwar a hannunsa take. Duk wanda kuka zaɓa ya zama shi kaɗai daga shafin farko zuwa na ƙarshe. A ƙasan kowane hoto ki rubuta mataki da ma'auninsa, ki kuma faɗi elektron nawa kowane sudopotansiyel ya ɗauka. In kina son kwatancin da bai damu da ma'auni ba, yi cajin Bader, wato ƙirga elektron da ke rabon kowane atam, da manhajar rukunin Henkelman na Jami'ar Texas, tana karanta CHGCAR da cube duka, amsarta a adadin elektron take. A ZnO zinc yakan ba da wajen 1.2. A na VASP za ki ga kusan 10.8 cikin 12, a naki kusan 18.8 cikin 20. Ki roƙi mutumin ya sake lissafin da LAECHG a kunne ya turo AECCAR0 da AECCAR2, fayilolin cunkoson elektron na ciki da na waje, don da jimillarsu ake shata iyakar atam yadda ya kamata.

Ramatu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ja layi daga zinc zuwa oksijin a fayilolin biyu bayan na raba CHGCAR da 321.4. A wuri mafi ƙanƙanta na haɗin duka biyun sun ba ni 0.08 da ɗan abu, kusa da zinc ne kawai suka rabu kamar yadda Dakta ta ce. Yanzu ina son in ɗebe ɗaya daga ɗaya in zana bambancin, amma Python yana cewa girmansu bai dace ba.

Mamman Sani: Ba zai yarda ba, 48×48×80 da 45×45×72 ba ɗigo ɗaya suke takawa ba. Hanya mafi sauƙi ki sake naki lissafin ki tilasta ragar a sashen &SYSTEM na fayil ɗin shigarwa: nr1=48, nr2=48, nr3=80. Ƙara ɗigo ba ya cutarwa, ragewa ne ke cutarwa. Ki kwafi vektocin sel da matsayin atam daga kan CHGCAR ɗinsa daidai, kada ki yi amfani da naki da kika sassauta, don a ɗinku zai iya bambanta a lamba ta uku kuma zinc ɗinsa ba lallai yana inda naki yake ba. In za ki iya samun sudopotansiyel na zinc mai elektron 12 ki yi da shi, in ba haka ba hoton bambancin 3s da 3p kawai zai nuna miki. Turo mini fayil ɗin shigarwar a gefe in duba kafin ki kunna.